Yumɓun da Ruwa Ya Rufe

Inna, mahaifiyata, maginiyar tukwane ce, kuma a hannunta na koya. Kafin a datse gulbi a Bakolori, ramin yumɓunmu yana gindin wata tsamiya a bayan ƙauyenmu. Da ruwan dam ya taso, ya cinye ƙauyen da ramin, aka maida mu tudu kusa da Maradun. A lokacin na yi aure har na yaye ɗiyata ta fari, amma kullum a gidan Inna nake wuni muna aiki.

Sai dai aikin ya tsaya, don ƙasar tudun rairayi ce zalla. Aka ce mana akwai laka mai danƙo a bakin magudanan noman rani wajen Talata Mafara. Na je na ɗebo buhu biyu a mota. Inna ba ta yarda da ƙasa sai ta sa a baki. Ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wagga da gishiri," ta ce.

Na ce mu gwada dai. Muka gina randuna, muka gasa, suka fito lafiya. Bayan kwana kaɗan da zuba ruwa, wani fari-fari kamar kanwa ya feso a jikinsu, ruwan kuma ya yi ɗanɗanon da ba ya kashe ƙishirwa. Wata ma'aikaciyar jinya Kirista da ta saba ɗaukar randarmu ta dawo da tata. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya ko Inna ba ta da lafiya ne. Wannan tambayar ta fi zagi yi mini ciwo.

Daga nan Inna ta matsa wa ƙanenta, Kawu, wanda masunci ne, ya nutsa ya ɗebo mata yumɓun tsohon rami. Ya yi ta zillewa har rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, ƙoƙuwar tsamiyar ta leƙo. Ranar da ya yarda, muka shiga jirginsa mu uku da hantsi. Na tsoma hannu, na ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri.

Kawu ya ɗaure jirgin a reshe, ya nutsa da ƙwarya. Da ya taso, haƙoransa na haɗuwa.

"Yaya, ruwan ga biyu ne," ya ce wa Inna. "Na sama ɗumi, na ƙasa sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Kuma duhu."

"Ka kai ga ramin?"

"Na kai inda yake. Na cusa hannu har kafaɗa, taɓo ne kawai."

Ya miƙo ƙwaryar. Baƙin taɓo ne mai wari, mai santsi kamar kunu. Shi ne abin da gulbi yake kwasowa duk damina, da can ya shimfiɗa a fadama, yanzu kuwa ba hanyar wucewa, sai ya kwanta a ƙasan dam. Inna ta murza shi, ta sa a harshe, ta ce ya koma. Ya koma sau uku. A na huɗu ya ce ko za ta tsine masa ba zai sake ba, ƙafarsa ta fara ƙagewa.

Ni na ƙi zubar da taɓon. Na shanya shi, na daka, na haɗa da ƙaiƙayi da garin fasassun tsofaffin tukwane, na kwaɓa har bayana ya riƙe. Inna tana zaune tana kallo, ba ta hana ba, ba ta taya ba. Tukwane shida na gina. Huɗu suka tsage tun a inuwa, biyun suka fashe a wuta. Na zauna gaban tokar, haushi ya hana ni kuka, don ban san wanda zan yi wa faɗa ba.

Daga baya muka samu wani mai jaki da ke kawo yumɓu daga wajen Bakura. Yumɓun yana yin kasko da ƙananan tukwane, amma ba ya ɗaukar babbar randa, gindin sai ya zauna. Inna ta bar mini ginin, ta koma sayar da daddawa a ƙofar gida. Ni na ci gaba da kasko har idona ya raunana.