Zuciyar da Ba a Gama Bugawa Ba

Mun daɗe da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa. Da maiɗakina ta sauka lafiya aka kai ta gidansu a Zandam wankan jego, ni kuma ina Birnin Kudu inda nake koyarwa. Ba a yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura. Daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta dafa bango tana haki. Mahaifiyarta ta ce jego ne, zai wuce. Da ya ƙi wucewa na ɗauko ta zuwa asibiti.

Likita ya yi mata hoton zuciya, ya ce tsokar ce ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Ya rubuta magani, ya hana gishiri da kanwa. Wasu matan, in ji shi, suna warwarewa. Ban tambaye shi labarin sauran ba.

Tun daga ranar na duƙufa bincike a waya. A nan na ci karo da labarin wani inji a ƙasashen waje mai buga tsokar zuciya kamar yadda ake buga takarda. A maimakon tawada, ƙwayoyin halitta masu rai ake zuba masa cikin wani ruwa mai kauri, ya riƙa shimfiɗa su hawa-hawa. Abin da ya daɗe yana ba masanan wahala shi ne, in tsokar ta yi kauri, tsakiyarta mutuwa take yi don jini ba ya kaiwa can. Yanzu sun fara buga ta da 'yan siraran hanyoyin jini a ciki. Na ga bidiyon da idona, 'yar tsoka a cikin faranti tana motsi ita kaɗai.

Na kai mata wayar. Tana zaune an tokare ta da matasai, don kwanciya ta gagare ta.

"Malam, wannan abin da rai?"

"Da rai. Irinta za a riƙa liƙa wa mutum a inda zuciyarsa ta gaji."

"Faci ke nan, kamar na tayar keke." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce in sake kunna mata.

Washegari na tare likitan a baranda, na tambaye shi a wace ƙasa ake yi. Ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, sannan ya miƙo mini.

"Malam, aikin gaskiya ne, amma har yanzu a ɗakin gwaji yake. Ko a can ba a kai ga sa wa marasa lafiya ba. Ka dai kula da maganinta."

Da na koma ta tambaye ni me ya ce. Na ce ana kan aiki. Ta daɗe tana kallona.

"To, Allah ya sa wasu su samu," ta ce. "Ajiye wayar nan ka karɓi 'yarka, hannuna ya gaji."

Da aka sallame mu ta roƙi in mayar da ita wajen Inna, mahaifiyarta, na mayar da ita. Ta ɗan samu sauƙi da farkon damina, har takan zauna a tabarma ta tsince shinkafa. Gero yana fitar da kai ciwon ya dawo. Wata Laraba da hantsi, ina cikin aji, yayanta ya kira ni ya ce in zo. Daga muryarsa na gane. Ko da na isa an riga an yi mata wanka, an sa ta a likkafani.

Yarinyar tana hannun Inna har yau. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in je. Ta fara tafiya, ta fara magana, amma in na yi sallama bayan kakarta take ɓuya. Sai na jima a zaune take matsowa, ta tsaya tana wasa da maɓallin rigata.