Dabaibayin Raƙumi a Ƙafar Illa

Assalamu alaikum. Kun saba ganin hotunan jikoki a shafin nan. Yau tsohuwa za ta faɗi abin da ta haɗiye tun tana yarinya.

Mijina Illa baduku ne a Agadas, mai ɗinkin sirdin raƙumi. Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai ciwon ya fara, ina goyon ɗanmu na fari.

Barci ne ya fara gudunsa. Sai ya ce raƙuman kasuwa suna gulmarsa. Na yi dariya, Allah ya yafe min dariyar nan. Daga baya ya daina cin tuwo sai na fara kai loma. Ranar da ya yayyanka sirdin da ya gama da hannunsa, na tare shi, ya ture ni na faɗa kan turmi. Haƙorina na gaba can ya tsaya.

Ina son sa, ina tsoron sa. Duk wuƙar gidan a zanina nake ɓoye ta.

Anfirmen unguwa, wato malamin asibiti, ya duba shi ya ce, "Wannan ciwo ne, ku kai shi Yamai."

Wansa Sidi, dillalin raƙuma, ya ce atafau. "In aka ji gidanmu da mahaukaci, wa za shi sake ba ni amanar dabba?" Ya ɗauko dabaibayin raƙumi na igiyar fata ya ɗaure ƙafafun ƙanensa, ya haɗa da turke a ɗakin baya. Masu tambaya yana ce musu Illa ya tafi Bilma.

Damina biyu Illa yana turke. Igiyar ta ci fata ta shiga nama. Ni ke wanke gyambon, ni ke kwashe kashi, ni ke korar ƙuda. Na durƙusa wa Sidi na ce, "Yaya, ko sassauta mishi ka yi." Ya ce, "Mace ba ta koya mini ɗaurin dabba."

Dabba. Har gobe kalmar tana kunnena.

Da Sidi ya tafi Ingal sayen raƙuma, na sayar da awarwaron azurfata, na yanke igiyar da wuƙar dukancin Illa, muka hau kamiyo, babbar motar dakon fatu. Na jefa dabaibayin a ƙullin kayana.

A asibitin Yamai lokotoro, wato likita, ya ɗaga ƙafar ya daɗe yana kallo. "Madam, wa ya yi wannan?" Na faɗi sunan da ƙarfi, har na gadon ƙarshe ya ji.

Aka ɗebi jini, aka yi ta pikir, wato allura, safe da yamma, sannan ƙwayoyi. Yawu ya dinga zubo masa, hannunsa na rawa, na ce shi ke nan na kashe shi. A tabarma nake kwana bakin ɗakin. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Hadiza, mi ya samu haƙorinki?" Na ce faɗuwa na yi. Na fita na yi kuka har na gode Allah.

Ya warke, da magani a aljihu har ƙarshen ransa. Ya koma dukanci, amma da ɗingishi.

Shekaru suka ja. Sidi zai tafi Makka, yana zagayen neman gafara gida-gida, da ƴan rakiyarsa. Da suka iso gidanmu, Illa ya ce ya yafe tun kafin a zauna. Sidi ya juyo. "Ke hwa, Hadiza?"

Na shiga ɗaki na fito da dabaibayin, da baƙin jinin a jikinsa, na ajiye a gabansa.

"Yaya, sa shi a ƙahwarka zuwa la'asar kawai, in yahe maka."

Ya dubi igiyar, ya dubi mutane. Ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Illa ya ce na yi tsauri. Na ce ya yafe nasa, nawa yana nan. Su biyun duk sun rasu, kuma ban ji kunyar faɗa muku ba: ban yafe ba.

Na gode wa Allah, da anfirmen da ya kira ciwo da sunansa, da direban da ya ɗauke mu ba tambaya.

In naku ya daina barci yana jin muryoyi, ku kai shi asibiti da wuri. Ku ɓoye wuƙaƙe, ku kula da kanku, kada ya bar magani don ya ji sauƙi. Wanda ya ce a ɗaure shi don sunan gida, ku ce ya fara miƙo tasa ƙafar.

Dabaibayin yana cikin akwatina. Na ce wa ƴaƴana kada a jefar, akwai ranar da ni da Sidi za mu tsaya, kuma ina buƙatar shaida.