Rodin da Nasiru Ya Bari a Saman Gida

Tun 2019 da aka rufe boda, fataucina tsakanin Bagudo da Benin ya durƙushe, na daina sauraron mai cewa gobe za ta yi kyau. Na yi digiri lokacin da digiri ke da daraja, yau ga ni zaune.

Jiya ɗana Nasiru ya kira ni ta bidiyo daga Jamhuriyar Dominika, inda yake aikin asibiti. Ya juya waya yana nuna min unguwarsu. Kusan kowane gida da rodi tsaye a samansa.

Na ce, "Su ma kuɗin ginin ne ya ƙare musu?"

Ya yi dariya. "A'a Baba, da gangan ake barinsa. Ko mai gyaran babur ya yarda wata rana za a ɗora bene, ko shi ko 'ya'yansa. Ana ɗauke musu wuta kamar mu, amma sai su fito da kujeru su kama kiɗa."

"To, wannan gidan da kake tsaye a kansa, na wane ne?"

Ya ce, "Nawa ne, Baba. Ni ma na bar rodi."

Filin bayan gidana da na ƙi sayarwa duk wuyar da na sha, don shi na ajiye.

Jama'a, ku gaya min, da me suka fi mu? Fili yana nan, Nasiru ne ba zai dawo ba.