Mu'allim Abdulghani, Mai Auna Gishiri da Tafin Ƙafa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin masu sayar da ful, wato dafaffen wake, su sauke tukunya a unguwar Hindawiyya ta Jidda, Mu'allim Abdulghani Bawa ya riga ya buɗe garejinsa. A tsaye yake shan shayi. Zai kara kunne a jikin inji, ya gaya maka ciwon motarka tun ba ka gama sallama ba. A watan nan ya ajiye sifana, ni kuwa na ɗauki alƙalami, don na san ko za a shekara ana roƙonsa ba zai ba da labarin kansa ba.

Turawan da ke aikin tashar jirgin ruwa sun zo da 'yan motocinsu na Ingila, masu kujera biyu, ba rufi. Duk Juma'a da safe sukan fita sabkha, filin gishirin nan na kudu da gari, a ga wa ya fi gudu. Mu'allim ke yi musu gyara. Wata da suka yar, ya shekara biyu yana harhaɗa ta. Tana tashi sai sirikinsa Hamad, mijin 'yarsa Mastura, ya rantse da ita zai wuce mil ɗari a sa'a.

To, sabkha ba ta da amana. Samanta ɓawo ne fari fat, ƙasanta taɓo. Inda ɓawon bai yi kauri ba, taya na lumewa mota ta wuntsila. Ga Mastura da ciki wata bakwai. Mu'allim kuwa, ko da yake a Jidda aka yanke masa cibiya, Bahaushe ne: kunyar siriki ta hana shi cewa "kada ka je".

Sai ya tuɓe takalmi. Ranar da Hamad zai yi gudun, wata Juma'a a 1968, wani direba mai suna Abdulwahid ya gan shi tun da asuba yana taka filin, mil uku, sannu kamar mai neman allura, yana jin kaurin ɓawon da tafin ƙafa. Ya dawo wurin Baturen da ya shata hanyar tsere da na'urarsa, khawaja kamar yadda ake kiran Bature a nan.

"Ya khawaja, nan ba zai ɗauka ba. A matsa gabas taku ɗari biyu."

Bature ya yi dariya, ya hau jif ɗinsa ya bi hanyar don ya ƙaryata shi. Ko rabi bai kai ba motar ta kafe har ƙofa.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Mu'allim, "yanzu na'ura ta yarda."

Aka matsa gabas. Hamad ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in tafi?"

Mu'allim bai dube shi ba, motar ya dafa. "Yalla, a tafi. Ke kuma mota, ki sani ana jiran ku a gida."

Mil ɗari da huɗu! Muka yi ta ihu muna jefa huluna sama, har da Baturen, da taɓo har gwiwa. Wata guda ba a zancen kowa a unguwa sai Hamad.

Amma kai ne, Mu'allim, gishiri ya tsattsaga wa ƙafa har ka yi sati biyu kana salla a zaune. Kai ne ka ci gaba da taka filin duk Juma'a, shekara shida, ba a taɓa ɗauko gawa daga cikinsa ba. Namijin duniya, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku masu sana'a, ku yi koyi da shi: in ran wani ya rataya a kan aikinku, kada ku tsaya ga an ce, ku taka da kanku. Khadijatu, wadda Mastura ta haifa bayan wata biyu, bana ta shiga makaranta, kuma ubanta ne ya riƙe hannunta ya kai ta.