Tsoho a Gaban Na'urar Hoton Mafitsara

Tun safe ma'aikaciyar ɗakin hoto take lura da wani tsoho da ke ƙarshen benci. An yi masa allurar maganin da ke haska mafitsara a na'ura, an ce ya sha ruwa ya riƙe fitsari. Yana kurɓar kofin ruwa na huɗu kamar maɗaci, gwiwoyi a matse, baƙar leda a cinya. Ƙafar wandon canji tana leƙowa daga ledar, yana ta cusa ta ciki.

Rana ta ƙona hannunsa ɗaya fiye da ɗayan. Direban babbar mota ne, in ji zuciyarta, irin waɗanda suke shekara talatin suna danne fitsari don kada su tsaya a hanya.

Da layi ya zo kansa, ta zaunar da shi a kujera mai mazubi a ƙasa, na'urar tana bayansa.

"Baba, yanzu sai ka saki, mu ga ko yana fita duka."

Ko ɗigo bai fito ba. Gumi kawai ke zuba.

"'Yata, don Allah juya mini baya. Ke sa'ar autata ce."

Ta juya ta fuskanci allon kwamfuta, inda babu abin da ke ɓuya. Dunƙulen hasken da ke nuna fitsarin cikin mafitsara ya ɗan ragu, ya tsaya cak. Wani siririn zaren haske yana hawa sama, wajen ƙoda, alamar fitsarin yana komawa baya.

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon, yana ɗaure zariya. "Yau kam ya fita tas, ko?"

Ba ta iya juyowa ba.

"Sannu, Baba. Ka jira likita."