Ruwan Bayan Ɗakinmu

A layinmu na Tudun Wada, nan Gusau, ruwan sama yana da dokokinsa, kuma ba wanda ya zauna ya koya mini su, a bakin mata na tsince su. Ruwan farko ba a tara shi, na wankin kwanon rufi ne, sai ya kwashe kashin ƙadangaru da na tantabaru tukuna. Duro a rufe yake kwana saboda sauro. Babbar dokar kuwa ta indararo ce: ba ka juya ruwan rufinka ya zuba a gidan maƙwabci.

To, gidan da muka saya mun tarar da shi ya karya wannan doka. Rabin rufin ɗakinmu bayan katanga yake zubarwa, cikin gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mutuniyar Kekun Waje ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna ƙauye suna noma, ita kaɗai take zaune da ciwon gwiwa. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta dogara sandarta ta shigo mana da ruwan randa a ƙwarya, mai sanyi, ta ce, "Ga naku." Ni kuwa in karɓa in yi godiya, a raina ina cewa tsufa ke nan, ruwan ma sai an yi kyautarsa da damina.

Maigidana mutum ne mai tsoron haƙƙin maƙwabci, har abin ya yi masa yawa. Kullum hadari ya haɗo sai ya kama tsaki. "Muna jiƙa wa tsohuwa gida, kunya ce ta hana ta magana." Na ce, "Malam, ka tambaye ta mana." Ina! Wai tambaya ma nauyi ce za mu ɗora mata. Ya kira mai aikin kwano, aka lanƙwasa dogon indararo a bakin rufin, aka juyo ruwan gaba ɗaya cikin tankinmu. Ranar har da murmushinsa na wanda ya yi aikin lada.

Aka yi ruwa, Inna ba ta shigo ba. Aka sake yi, shiru. Wata safiya na hango ta a bakin titi tana jiran ɗan garuwa da bokiti, ga ƙasa jiƙe sharkaf da ruwan asuba. Na saka hijabi na bi ta gida.

Abin da na gani a gindin katangar nan har yau yana ci mini rai. Randuna ne a jere, an girke su a kan duwatsu, daidai inda ruwanmu yake sauka. Kowace da faifanta a baki, kowace wayam. Ɗakinta na ƙasa ne, ruwan rufinsa ja yake zuwa, ba ya shayuwa. Ashe tun zamanin mai gidan na farko ruwan kwanonmu take sha, ƙwaryar nan kuma da take kawowa tukuicin mai rufi ce.

Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Ɗiyata, mi na yi muku? Na yi ta tunani ban gano ba. In ƙwaryar ce ta yi kaɗan, ku yi haƙuri."

Wallahi kuka ya ƙwace mini. Na koma gida a fusace, na sami Malam yana shan koko, na ce, "Sai ka tashi, mai lada! Ka raba tsohuwa da ruwan shanta, tana can tana neman gafararmu." Ya ajiye ludayin, ya ari tsani, da hannunsa ya ɓalle indararon.

Da yamma hadari ya taso daga wajen Tsafe. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina jin ruwa yana sauka bayan katanga, ƙarar randa tana sauyawa tana cika. Da aka ɗauke sai ga sallamar Inna, da sanda a hannu ɗaya. Wannan karon ba ƙwarya ta riƙo ba, babban kwanon sha ne, cike har yana zuba a zanenta.