Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Shekara ashirin da biyu ina wanke maiƙo a rigunan mutumin nan, don haka kada wanda ya zo ya ce zai koya mini bambancin jirgin mai da jirgin batir. Na san shi a hannuna, na san shi a hancina. Maigidana mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa ɗaki ɗaya a bakin titi tsakanin mai aski da mai sayar da fenti, amma a filin da suke tashin jirage Mai Hayaƙi ake ce masa. Ba jirgin gaske nake nufi ba. Ɗan ƙaramin jirgi ne mai saukar ungulu, tsawonsa kamar hannun mutum, ana tuƙa shi da rimot daga ƙasa. Masu baki suna cewa wasan yara ne. To, wasan yaran nan farfelarsa tana iya cire wa ƙato yatsa.

Wani tela ne ya jawo mana. Ya shigo shago da abin a buhu, a karye, ya ce gadonsa ya yi daga wani ƙaninsa, in zai gyaru a gyara, in ba zai gyaru ba a riƙe. Maigida ya yi wata uku yana kwance injin yana ɗaurawa a kan teburin da muke cin abinci. Ran da ya tashi a tsakar gida na zaci injin niƙa aka kunna mini a ƙofar kicin. Shanyata duk ta yi wari, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana salati, shi kuwa yana tsaye cikin hayaƙi yana dariya har da hawaye.

Nasa mai shan mai ne, wani mai na musamman da suke kira naitiro, wanda warinsa ke sa ido ruwa. Kafin ya tashi sai an sha hidima. A ɗura mai a tanki, a ɗumama filogi, a murza injin da sitata, sannan a zo kan wata 'yar allura da ke daidaita yawan man da ke shiga. In man ya yi yawa, injin ya riƙa tari yana jan jiki. In ya yi kaɗan, ya riƙa ihu da siririyar murya har ya ƙone kansa. Maigida sai ya karkata kai, ya juya allurar kaɗan, ya saurara, ya sake juyawa. Haka yake yi wa keken ɗinki ma: ya ce wa tela ya taka, ya rufe ido, ya ce ga inda ciwon yake. Bai taɓa buɗe keke yana lalube ba.

Filin kuwa, a bayan wasu tsofaffin ɗakunan ajiye kaya, shi da mutum uku suka share shi. Da adda suka sare ƙaya, da hannu suka tsince fasassun kwalabe. Bencina biyun da ake zama a kai a filin, a ƙofar gidana ya buga su. Ina faɗar wannan ne don a san wanda aka yi wa abin da aka yi.

Shekara biyar da suka wuce na kai masa shayi shago, ya miƙo mini allura da zare ya ce, “Maman yara, zura mini.” Na ce yau kuma wane salo ne wannan? Bai yi dariya ba. Muka je asibiti, likita ya ce ciwon a can bayan ido yake, tabarau ba zai yi komai ba, sai dai magani ya rage masa gudu. Abin da ke kusa yana gani, in ba ƙanƙani ba ne kamar kafar allura. Abin da ya yi nisa ya zama ɗigo. A hanyar dawowa ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har 'ya'yanmu. Na ce to jirgin fa? Ai sai a jingine shi.

“In na jingine shi me ya rage mini ran Asabar?” in ji shi. “Kuma ba jirgin nake kallo ba, hayaƙin nake kallo. Farin layin nan da yake bari, can ne bayansa. Inda babu hayaƙi, can ya dosa. In yana hawa injin na nishi, in yana sauka murya ta saki. In mai ya kusa ƙarewa yana faɗa mini kafin kowa ya gani.”

Daga ranar na fara bin sa filin, ni da ban taɓa taka wurin ba. Nakan riƙe akwatin kayan aiki, na duba masa ƙananan kusoshi, na tsaya a kafaɗarsa ta dama. Mutanen filin suka ɗauka soyayyar tsufa ce ta motsa, suna ta tsokanata wai na zo gadin mijina kada jirgi ya ɗauke mini shi. Na bar su da bakinsu. Ya daina nisa, ya daina juyi, yana tashi ya zagaya ya sauka cikin natsuwa. Shekara biyar cur, ko fenti bai kankare ba.

Ana nan jiragen batir suka fara shigowa. Ba zan yi ƙarya ba, sun burge ni. Ba wari, ba maiƙo, mutum ya zo da farar riga ya koma da farar riga. A jona batir kawai, abu ya zabura sama. Ƙarfinsu ya fi na mai, wannan ma maigida da bakinsa ya faɗa. Amma minti biyar an sauko, sai a koma gindin caja a zauna ana hamma ana danna waya, shi kuwa ya ɗura mai ya sake tashi kafin su gama buɗe jaka. Cikinsu akwai wani mai sayar da wayoyi, Sarkin Juyi suke ce masa, don jirginsa ba ya tafiya daidai, kullum a kife yake ko yana wulwulawa. Sau uku yana wargaza abinsa, sau uku maigida na zama ya daidaita masa farfela ba tare da mai wayoyin ya ce masa ko sannu ba.

Sai aka gina gidaje jikin shingen filin. Mutanen da suka zo suka tarar da mu, suka ga jirage da idonsu kafin su sa bulo ɗaya, su ne suka rubuto takarda wai ƙara ta hana su barcin safe. Barcin safe! Shugaban ƙungiyar, wani mai kantin magani da suke kira Ciyaman, ya tara taro a kan bencinan nan. Ya ce ko a bar jiragen mai, ko a rasa filin gaba ɗaya. Aka ɗaga hannu, goma sha ɗaya da biyu. Ina tsaye ina ƙirga hannuwan, kuma wallahi babu hannu ɗaya a cikinsu da maigida bai taɓa ɗora shi a kan rimot ya koya masa ba. Ban ce a rasa fili saboda mutum ɗaya ba. Amma ko awa ɗaya a mako ba za a roƙa masa ba? Ko a je a ƙwanƙwasa ƙofar masu barcin a yi musu magana? Ba wanda ya ko gwada. Aka ce a ci gaba, zamani ya canza, aka buɗe fulas ɗin shayi.

Babban ɗanmu ya ji labari, bayan kwana goma sai ga shi da sabon jirgin batir a kwali. “Baba, ka huta da datti, Umma ma ta huta da wanki.” Yaron kirki ne, bai san komai ba. Uban ya sa masa albarka, ya shafa jirgin, ya ce ya yi kyau. Da yaron ya tafi na ce, “Maigida, wannan ba ya hayaƙi.” Ya ce ya sani. Ya karɓo jan fenti mai haske wurin maƙwabcin shagonsa ya shafe kan jirgin, ya yi mako biyu yana ɗaga shi a tsakar gida daidai tsayin ƙirji. A nan lafiya lau. Ya ce ba zai bari ya yi nisa ba.

Asabar ɗin da ya kai shi fili sama ta yi fari fat da gajimare. An cika, har da matan wasu da 'ya'yansu, kowa na son ganin Mai Hayaƙi ba hayaƙi. Ɗanmu ma ya zo yana ta murmushi. Maigida ya tura sandar rimot daidai yadda ya saba tura wa tsohon jirginsa, wanda sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. Wannan bai san nishi ba. Kafin in ƙifta ido ya wuce tsayin falwaya, iska ta ja shi gefe. Ƙararsa siririya ce, iri ɗaya, yana hawa ko yana sauka ba ta canzawa. Na ga maigida ya karkata kai yana saurare, babu abin da zai ji.

Ya ce a hankali, “Ina hancinsa yake kallo?”

Na ce hagu. Na ce a'a, dama. Ni ma ban sani ba, shekara biyar ina tsaye kusa da shi bai taɓa buƙatar tambayata ba. Jirgin ya karkato, ya taho kan mutane, aka watse da ihu, ya daki ƙasa taku huɗu bayan benci. Farfela ta tashi ta bugi shinge. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

A nan dole in yi wa Ciyaman adalci. Ya zo ya dafa kafaɗar maigida ya ce, “Ba komai, Baba. Babu wanda bai fasa na batir ɗinsa na farko ba, ƙarfinsa ne ke ruɗar mutum. A gyara, mako mai zuwa mu sake gwadawa.” Da a nan maganar ta tsaya, da mun kwashe tarkacenmu mun tafi gida.

Sai Sarkin Juyi ya buɗe baki. Yana dariya, yana karkaɗa yatsu a iska yana kwaikwayo. “Hannu ne ya tafi, jama'a. Ai ina gani yana rawa. Ashe duk shekarun nan hayaniyar inji ce ke rufa wa Baba asiri.” Aka yi dariya, ba kowa ba, amma an yi. Maigida yana durƙushe yana laluben kusoshi a cikin ciyawa, bai ɗago ba.

Na ajiye akwatin da ƙarfi har murfin ya ɓalle.

“Kai, mara kunya! Wane hannun ne ya tafi? Hannun da ya haɗa maka jirginka sau uku kana tsaye kana sosa ƙeya? Hannunsa ya fi naka tsayuwa yau da gobe! Kai da idonka biyu garau kake zubar da jirgi kamar mai zubar da shara. Mutumin nan shekara biyar ba ya ganin jirginsa in ya wuce shingen can, da hayaƙi da kunne yake tuƙa shi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Ku kuka ƙwace masa hayaƙin, ku kuka ƙwace masa ƙarar, sannan ku tsaya kuna masa dariya?”

Na ji daɗin maganar a bakina. Sai da na gama na lura ba Sarkin Juyi ake kallo ba. Ɗanmu ya saki baki yana duban ubansa. Wata mata ta jawo 'yarta jikinta.

Ciyaman ya ce, “Mama, shekara biyar kika ce?” Ya juya. “Baba, gaskiya ne?”

Maigida ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. “Gaskiya ne.”

Ciyaman ya daɗe yana kallon ramin da jirgin ya yi a bayan benci. Ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba. Ka ga akwai yara a nan. Ba zan iya barin ka sake riƙe rimot a filin nan ba, na mai ko na batir. Wurin zamanka yana nan, kullum muna maraba da kai.”

Wurin zamansa! A kan bencin da ya buga! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban sami inda zan kama Ciyaman da laifi a wannan ba, sai na huce a kan sauran. A motar ɗanmu tun daga ƙofar fili nake zazzaga: masu barcin safe, hannuwa goma sha ɗaya, ɗan banzan mai wayoyi da uwarsa ba ta koya masa gaisuwa ba. Yaron yana tuƙi yana share ido da bayan hannu. Maigida na gaba, kwalin tarkace a cinyarsa, har muka shiga layinmu, har na rasa wanda zan zaga.

Sai da mota ta tsaya ya yi magana, bai juyo ba, kuma ba da faɗa ba.

“Maman yara, da kin bar su sun ce hannu ne. Ai kin ji, mai rawar hannu an ce ya dawo mako mai zuwa.”